Tafiyar Ɗalibai Zuwa Babban Birni a Ƙarshen Shekarar Karatu: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar an shiga zangon ƙarshe, maganar tafiya birni takan fara zagawa a tsakanin ɗalibai, daga nan ta isa gida, daga gida kuma ta dawo ofishin shugaban makaranta da tambayoyi bila adadin. Na yi shekaru ina cikin malaman da ke raka yara irin wannan tafiya, kuma na lura tambayoyin kusan guda ne kowace shekara, masu yin su ne kawai ke canzawa. Ga su nan na tattara tare da amsoshin da na saba bayarwa. Wasu daga iyaye suke, wasu daga malaman da aka ɗora wa shirin a karon farko.

Mene ne amfanin wannan tafiya? Ba ɓarnar kuɗi da lokaci ba ce?

Gani ya kori ji. Yaro zai shekara yana karanta labarin majalisa, tashar jiragen ruwa, ko ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare a duniya, amma ranar da ya tsaya a gabansu ita ce ranar da karatun ke zauna masa. Shi ya sa ƙasashe da dama suka ɗauki tafiyar da muhimmanci. A Japan, tun ƙarshen ƙarni na 19 makarantu ke fita da ɗalibai tafiyar ilimi, kuma har yau 'yan ajin ƙarshe na zuwa biranen Kyoto, Nara da Tokyo. A Amurka, makarantu da yawa kan kai 'yan aji na takwas birnin Washington.

An ma gwada amfaninta da bincike. Bayan buɗe gidan zane-zane na Crystal Bridges a jihar Arkansas a 2011, makarantun da suka nemi kai ziyara sun yi yawa har aka koma jefa ƙuri'a. Masu bincike daga Jami'ar Arkansas suka bibiyi ɗalibai kusan 11,000, suna kwatanta waɗanda suka je da waɗanda layi bai zo kansu ba tukuna. Waɗanda suka je sun fi iya lura da abu su yi tunani a kansa, sun kuma fi jure ra'ayin da ya saɓa wa nasu. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, ribar ta fi yawa ga yaran karkara da 'ya'yan marasa ƙarfi. Wannan batu zai sake tasowa a amsar da ta shafi yaron da iyayensa ba su da halin biya.

Daga shekara nawa yaro ya isa a tafi da shi?

Babu shekarar da ta dace da kowa. Ga tafiyar yini ɗaya, yaron da ya iya faɗin cikakken sunansa da na makarantarsa, ya iya shiga banɗaki shi kaɗai, ya kuma iya bin umarni a cikin hayaniya, ya isa. Tafiyar kwana ta fi dacewa da 'yan ƙarshen firamare zuwa sama. Idan ɗanki bai taɓa kwana a wani wuri ba tare da ke ba, ki gwada shi a gidan 'yan uwa dare ɗaya ko biyu kafin ranar. Sauran bayani na cikin amsar tambayar kwana.

Yaushe ya kamata a fara shiri, kuma wace rana ta fi?

Tafiyar yini ɗaya tana son wata biyu zuwa uku na shiri, ta kwana kuwa a fara tun farkon shekarar karatu. Dalili shi ne ƙarshen shekara ba makarantarku kaɗai ke fita ba. Motocin kirki da masaukai masu sauƙi tun da wuri ake kama su, wanda ya makara sai ya ɗauki ragowar.

A sa ranar bayan an gama jarrabawa, amma kada ta zama ranar ƙarshe ta zangon, domin ana buƙatar kwana biyu ko uku a aji bayan dawowa. Tsakiyar mako ta fi, saboda wuraren ziyara sun fi cika a ƙarshen mako. Sannan a bincika ranar hutun kowane wuri: gidajen tarihi da yawa a duniya ba sa buɗewa ranar Litinin, gidan tarihi na Louvre da ke Faris kuwa Talata yake rufe. Na taɓa ganin wata makaranta ta sauke yara cike da bas a bakin ƙofar da ke kulle. Kiran waya ɗaya da ya hana wannan.

Waɗanne wurare za a kai su, kuma guda nawa a yini?

Kuskuren da kusan kowane sabon mai shiri ke yi shi ne cusa wurare biyar ko shida a yini guda, don iyaye su ga kuɗinsu bai tafi a banza ba. Abin da ke biyo baya shi ne yara su wuni a cikin cunkoson motoci, su shiga kowane wuri a guje, su fito ba su riƙe komai ba. Manyan wurare biyu sun wadatar, da na uku ƙarami inda za su zauna su ci abinci su miƙe ƙafa. Yaron firamare da wuya hankalinsa ya wuce awa ɗaya da rabi a cikin gidan tarihi, komai kyansa.

A haɗa wuri ɗaya mai alaƙa da abin da suka karanta a bana, kamar gidan tarihi, cibiyar kimiyya, majalisa, jami'a ko masana'anta, da wuri ɗaya na nishaɗi kamar gidan namun daji ko babban lambu. Kada kuma a manta birnin kansa abin kallo ne. Hawa bene mai tsawo a hango gari daga sama, ko tsayawa a kan gada a ga yadda jama'a ke kwarara, sau da yawa shi yara suka fi tunawa. A tambayi kowane wuri ko yana da rangwame ga makarantu. Wasu manyan gidajen tarihi ma kyauta ake shiga, kamar Gidan Tarihin Birtaniya a Landan da gidajen Smithsonian a Washington, sai dai ko a irin waɗannan wurare ana so ayari ya sanar da zuwansa tun kafin ranar.

Idan da hali, malami ɗaya ya je ya taka wuraren da ƙafarsa tun kafin tafiyar. Ya ga inda bas zai tsaya, inda banɗaki yake, ƙofofi nawa ne, da inda za a fake idan ruwa ya sauko.

Yaya ake lissafin kuɗin, kuma me ya sa ya fi abin da muka zata?

Kuɗin mota ne yawanci ke cin kaso mafi girma, sai kuɗin shiga wurare, abinci, masauki idan da kwana, inshora, da kuɗin ajiye mota a cikin gari. Akwai kuma na malaman rakiya, wanda ya kamata a faɗa wa iyaye a fili ko makaranta ce za ta ɗauka ko an raba shi a kan ɗalibai. Ina ba da shawarar a ƙara kamar kashi ɗaya cikin goma don abin da ka iya tasowa, in ba a taɓa shi ba a mayar wa iyaye ko a sanar da su inda aka sa shi.

Haƙƙin iyaye ne su ga lissafin dalla-dalla a rubuce, su karɓi rasit, su kuma san tun farko abin da za a mayar musu idan yaro ya fasa ko aka soke tafiyar. A ba da damar biya kaɗan-kaɗan cikin watanni. Gidan da ba zai iya fitar da kuɗin a dunƙule ba, sau da yawa zai iya idan an raba masa kashi huɗu.

Idan iyayen yaro ba su da halin biya fa?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi, kuma ita ce aka fi jin nauyin yi. Ra'ayina bai taɓa canzawa ba: tafiyar da aka bar yaro a baya saboda rashin kuɗi ba ta cika tafiyar aji ba. Yaron da iyayensa ke da hali, ko makaranta ba ta kai shi birni ba wata rana za a kai shi. Wanda ba su da shi, wataƙila wannan ce damarsa guda kafin ya girma.

Yaran nan ba sa cewa ba su da kuɗi. Wata shekara akwai yarinya a ajina, mai ƙoƙari ƙwarai, da na raba takardun izini sai ta ninke tata ta sa cikin littafi, ta ce, "Malam, ni dama ba na son tafiya." Amma duk ranar da muka buɗe taswirar birnin a aji, ita ce ke fara matsowa gaban allo. Na samu mahaifiyarta mu biyu, muka yi magana, aka biya mata daga asusun da muka ware, ba wanda ya sani a ajin. Ranar tafiyar, da muka hau saman wani dogon bene, ta manna goshinta a gilashin taga ta yi shiru na tsawon lokaci, sannan ta juyo ta ce, "Malam, duk waɗannan gidajen akwai mutane a cikinsu?" Har muka sauko tana ƙirga hawa.

Hanyoyin taimako suna da yawa: ware kaso daga asusun ƙungiyar iyaye da malamai, neman gudummawar tsofaffin ɗalibai, barin gurbi a takardar biya ga mai son ƙara wani abu don wani yaro, ko rage tafiyar kanta zuwa yini ɗaya a maimakon kwana biyu don kowa ya samu zuwa. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa, wato sirri. Kada a karanta sunayen waɗanda ba su biya ba a gaban aji, kada a liƙa su a allo.

Ya halatta a hana ɗalibi tafiya a matsayin horo?

Idan halinsa na iya jefa shi ko wasu cikin haɗari, kamar mai gudu daga ayari ko mai dukan 'yan uwansa, makaranta na da hujja, amma a sanar da shi da iyayensa tun da wuri, a kuma ba shi damar gyarawa. Hana yaro saboda ya faɗi jarrabawa kuwa ban yarda da shi ba. Wanda karatun aji bai shiga kansa ba, shi ya fi buƙatar ya ga abin da ido.

Me ya kamata takardar izinin iyaye ta ƙunsa?

Rana, lokacin tashi da na dawowa, wuraren da za a je, irin motar da za a hau, sunan jagoran tafiya da lambar da za a same shi. Daga ɓangaren iyaye kuma: lambobin waya biyu na mutum biyu daban, ciwon da yaro ke da shi, maganin da yake sha, abin da jikinsa ba ya karɓa na abinci ko magani, amincewa a kai shi asibiti idan ta kama, da sunan wanda zai ɗauke shi a dawowa. A ƙara layi kan ɗaukar hoto da sa shi a shafin makaranta. Yaron da ba a dawo da takardarsa da sa hannu ba, ba ya hawa mota, ko da mahaifinsa ya kira ya ce ya yarda. Jagora ya tafi da kwafi, a bar kwafi a makaranta.

Manya nawa ya kamata su raka yara?

Ƙiyasin da aka daɗe ana amfani da shi a makarantun Ingila shi ne babba ɗaya ga yara 6 a ƙananan azuzuwan firamare, ɗaya ga 10 zuwa 15 a manyan azuzuwa, ɗaya ga 15 zuwa 20 a sakandare. A babban birni mai cunkoso ni nakan ɗauki mafi ƙarancin adadin yaran. Kuma komai ƙanƙantar ayari, kada manya su gaza biyu, domin idan ɗaya ya tafi asibiti da yaro dole wani ya tsaya da sauran. Idan akwai maza da mata a ɗalibai, a samu malamai maza da mata.

Iyaye na iya rakiya, kuma suna da amfani sosai, muddin sun fahimci aiki suka zo yi. A ba kowa rukuninsa da sunayensu a rubuce. Na fi son kada a sa uwa a rukunin da ɗanta yake, saboda ido ba ya iya barin ɗa ya kalli na wani daidai da shi, kuma ba laifinta ba ne.

Ta yaya za mu tabbatar motar da direban suna da aminci?

A gaskiya hanya ita ce wuri mafi haɗari a duk tafiyar, ta fi birnin da iyaye ke tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma yana cin rayuka kimanin miliyan 1.19 a shekara. Don haka idan za a yi tsimi, a yi shi a ko'ina ban da nan.

A ɗauki mota daga kamfani mai rajista da inshorar fasinja, a ga takardun da ido. A duba tayoyi, birki, fitilu, ƙofar gaggawa da abin kashe gobara. Kowane yaro da kujerarsa, ba tsayuwa, ba zama a kan cinya ko a tsakanin kujeru. Idan akwai bel a ɗaura, malami ya bi layi-layi ya duba kafin a tashi da kuma bayan kowace tsayawa. Hukumar ta ce ɗaura bel na iya rage haɗarin mutuwa har da kusan rabi.

Sai direba. Gajiya tana kashewa kamar gudu. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa direban bas hutun minti 45 bayan tuƙin awa 4 da rabi, kuma a ƙa'ida ba ya wuce awa 9 yana tuƙi a rana. Ko dokar ƙasarku ba ta kai haka ba, ma'auni ne mai kyau. Tafiyar da ta fi haka tana buƙatar direba biyu. A guji tafiyar dare. Malami ɗaya ya zauna kusa da direba, kuma ya san yana da ikon cewa a rage gudu ko a ajiye waya, wani malamin ya zauna a can baya.

Ɗana yana amai a mota. Me za a yi?

Abin yana faruwa ne idan abin da ido ke gani ya saɓa wa motsin da cikin kunne ke ji, kuma ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 12. A zaunar da shi gaba kusa da taga, ya riƙa kallon nesa, ya bar karatu da kallon waya. Ya ci abu mara nauyi kafin tashi, kada ya fita da yunwa, kada kuma ya cika ciki da maiƙo. Idan likita ya ba shi magani, yawanci kafin a hau mota ake sha, kuma wasu na sa barci, don haka a sanar da malami. A sa masa leda, tsumma da rigar canji a saman jaka. Malamai kuma su tsawata wa masu dariya tun da wuri, kunyar ta fi aman ciwo.

'Yata na da ciwon da take shan magani kullum. Za ta iya zuwa?

A mafi yawan lokuta za ta iya, idan an shirya. Abin da ke kawo matsala shi ne ɓoye ciwon don tsoron kada a hana ta tafiya. A rubuta komai a takardar izini, a miƙa maganin a cikin kwalinsa na asali da sunanta da lokutan sha. Mai asma kuwa abin shaƙarta ya zauna a jikinta, kada a sa shi a jakar da ke ƙarƙashin bas, domin hayaƙin motoci da ƙurar birni na iya tayar da ciwon. Mai sikila tana buƙatar ruwa akai-akai, hutu, da rigar ɗumi saboda sanyin na'urar sanyaya mota. Mai ciwon sukari kada lokacin cin abincinta ya goce, a kuma riƙe abin zaƙi a kusa.

Idan farfaɗiya ta kama yaro, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a tare kansa da abu mai laushi, a kwantar da shi ta gefe idan jijjigar ta lafa. Ba a danne shi, ba a sa masa komai a baki. Idan ta wuce minti 5, a kira agajin gaggawa. Aƙalla malami ɗaya ya san taimakon farko, a tafi da akwatin magani, a san asibiti mafi kusa da kowane wurin ziyara da lambar gaggawa ta ƙasar: 112 a Turai, 911 a Amurka, 999 a Ingila, kowace ƙasa da tata.

Abinci da ruwa fa?

Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a ajiye ba tare da sanyi ko zafi ba, cikin mota mai ɗumi ma ya fi saurin lalacewa. Don haka guzuri ya zama busasshe ko wanda ba ya saurin ɓaci, sai 'ya'yan itace. Kowane yaro da gorar ruwansa mai suna. Yara kan ƙi shan ruwa don gudun neman banɗaki, musamman 'yan mata, sai rana ta yi a ga ciwon kai da jiri. Maganin wannan shi ne a sanar da su lokutan tsayawa tun a mota. A hana musayar abinci idan akwai wanda jikinsa ba ya karɓar wani abu.

Me zai ɗauka, kuma a ba shi kuɗin kashewa?

Jakar goyo ƙarama, takalmin da ya saba da shi, hula, rigar sanyi ko ta ruwa gwargwadon yanayi, littafi da fensir. Sabon takalmi ya zauna a gida, kafin azahar zai fitar masa da ƙuraje. Kayan makaranta ko riga mai launi ɗaya na sauƙaƙa hango yara a cikin taro. Kuɗin kashewa kuma makaranta ta sa iyaka guda ga kowa, don kada wani ya yi ta saye wani na kallo.

A bar su su tafi da waya?

Ga 'yan firamare, a'a. Ga 'yan sakandare ana iya bari da sharaɗi: a aljihu take lokacin tsallaka titi da lokacin da ake bayani. Amma kada a dogara da ita wajen tsaro, caji na ƙarewa, ana kuma fizge ta a cunkoso. Katin da za a yi bayaninsa a amsa ta gaba ya fi ta amfani. Iyaye kuma su yi haƙuri da kira. Malamin da ke amsa waya arba'in ba ya kallon yara. A buɗe zaure ɗaya na saƙonni, jagora ya sanar idan an isa, da rana, da lokacin da aka kamo hanyar gida.

Idan yaro ya ɓata a cikin birni fa?

Wannan ne ke hana iyaye barci, kuma rigakafinsa ƙirga ne. A ƙirga kafin a hau mota, bayan an sauka, a ƙofar shiga, a ƙofar fita, bayan banɗaki, da duk inda hanya ta rabu. A ƙirga da kiran suna, domin ƙirga kawuna na iya haɗawa da ɗan wata makaranta. Kowane yaro da abokin tafiyarsa, su biyu ba sa rabuwa. Malami a gaba, malami a baya, ba mai wuce na gaba, ba mai zama bayan na baya. Kowa na ɗauke da kati mai sunan makaranta da lambar jagora. Kada a rubuta sunan yaro a fili a ƙirjinsa, saboda baƙon da ya kira shi da sunansa zai iya samun amincewarsa.

A koya musu doka ɗaya har su haddace: idan ka duba ba ka ga ayari ba, tsaya inda kake. Kada ka fita daga ginin, kada ka bi kowa. Idan za ka nemi taimako, nuna katinka ga ma'aikacin wurin mai kayan aiki ko ɗan sanda.

Ya taɓa faruwa da mu a wata babbar tashar jirgin ƙasa. Mun sauka ta matakala mai tafiya da kanta, na ƙirga a ƙasa na samu 42 a maimakon 43. Sauran malamai suka tsaya da yara a jikin bango, ni na koma sama da gudu. Yana nan daidai bakin matakalar, ya rungume jakarsa, mutane na ratsa shi ta ko'ina. Bai taɓa hawa irinta ba, ƙafarsa ta ƙi takawa, abokin tafiyarsa kuma jama'a sun tura shi gaba. Da ya gan ni sai hawaye suka zubo, ya ce, "Malam, kun ce in tsaya inda nake." Minti huɗu ne ko biyar, amma har yau ina jin su a ƙirjina. Laifin namu ne, malamin baya ya riga shi sauka. Tun daga ranar, babba ɗaya ke tsayawa a saman kowace matakala har yaro na ƙarshe ya taka.

Za su hau jirgin ƙasa ko bas na cikin gari?

Idan ayarin ba shi da girma, abu ne mai kyau, hawan kansa darasi ne. A guji lokacin zuwa aiki da na tashi. A sayi tikiti tun kafin a isa. A shiga rukuni-rukuni, babba ɗaya ya fara shiga, wani ya zama na ƙarshe. Wanda ƙofa ta rufe ya rage a tasha ya tsaya nan, wanda jirgi ya wuce da shi ya sauka a tasha ta gaba ya jira. Wajen tsallaka titi a bi gadar masu ƙafa ko wurin da aka ware, kuma idan fitila ta canza a tsakiyar ayari, rabin baya su jira tare da malaminsu.

Idan tafiyar ta haɗa da kwana, yaya tsarin yake?

Maza daban, mata daban, ɗakunan malamai a kusa kuma a hawa ɗaya. Babba ba ya kwana ɗaki ɗaya da yaro shi kaɗai. Da isa, kafin a buɗe jaka, a zagaya da su su ga hanyar fita idan gobara ta tashi da wurin taruwa a waje. Kowane yaro ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa cikin dare. Malamai su raba daren a tsakaninsu, wani na farke a kowane lokaci.

'Yan shekara 6 zuwa 12 na buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, matasa kuma 8 zuwa 10. A daren farko ba za su samu haka ba saboda zumuɗi, don haka kada a cika yini na biyu da yawo. Mai fitsarin kwance, iyaye su faɗa wa malami ɗaya a asirce, a shirya masa ba tare da abokansa sun sani ba. Kewar gida takan taso ne bayan an kashe fitila, kuma zama kusa da yaro ana hira da shi kan abin da za a gani gobe ya fi kiran gida tasiri, domin muryar uwa sau da yawa ƙara kukan take yi.

Ɗalibi mai buƙata ta musamman fa?

Da shi ake shirin tun farko. A tambayi kowane wuri ko keken guragu na shiga, ko akwai lif da banɗakin da ya dace. Mai raunin ji ya tsaya kusa da mai bayani, mai raunin gani a nemi abubuwan da aka yarda a taɓa. Yaron da hayaniya ke rikita shi, a nuna masa hotunan wuraren tun a gida, a kuma san wani lungu mai shiru da za a kai shi ya huta. Iyayensa sun fi kowa sanin abin da yake buƙata, a zauna da su.

Me za a yi a aji kafin tafiya da bayan dawowa?

Yaron da aka jefa wurin da bai san komai game da shi ba, hankalinsa kan tafi ga sabon wurin kansa, ya rasa abin da aka kawo shi gani. Mako ɗaya ko biyu kafin ranar a buɗe taswira, a bi hanyar da yatsa, a lissafa nisa da awannin tafiya, a ga hotuna, kowa ya rubuta tambayoyi uku da yake son samun amsarsu. A can kuma kada a ɗora musu takarda mai tambaya talatin, sai su wuni suna kwafar allunan bayani ba su ɗaga kai ba. Bayan dawowa su zana, su rubuta, su ba 'yan ajin ƙasa labari, su aika wasiƙar godiya ga wuraren da suka karɓe su. Malamai ma su zauna tun abin na sabo su rubuta abin da ya yi kyau da wanda ya ba da wahala, a ajiye wa masu shirin baɗi.

Idan an makara a dawowa, ko wanda zai ɗauki yaro bai zo ba?

Fita daga babban birni da yamma kusan kullum ya fi shiga ɗaukar lokaci, don haka a ƙara awa ɗaya a kan lissafi, kuma a tashi da wuri ko da an bar wuri ɗaya ba a gani ba. Idan an makara, jagora ya sanar a zauren saƙonni, kada a matsa wa direba ya ƙara gudu. A makaranta ake sauke kowa, ba a ajiye yaro a bakin hanya don gidansu na kusa, sai in an rubuta haka a takardar izini kuma babba na jiransa a wurin. Ana miƙa yaro ne ga wanda sunansa ke takardar, a sa alama a gaban sunan. Malamai biyu su tsaya har a ɗauki na ƙarshe. Kafin bas ya tafi, wani ya shiga ya bi kujerun ɗaya bayan ɗaya har baya, ya leƙa ƙarƙashinsu, domin yaron da ya gaji yana iya yin barci a kujerar ƙarshe ba wanda ya lura.